Mai rufe ƙofa: tarihin Mariano Rivera

Duk wanda ya tsaya bakin tashar Birnin Konni da hantsi, ko ya ratsa kasuwannin Malbaza da Illela, ba zai rasa ganin ɗan kabu-kabu ko wani saurayi sanye da hana-salla mai haruffan N da Y a sarƙe ba. Da yawa sun ɗauka tambarin wani kamfanin tufafi ne. A gaskiya na ƙungiyar wasan besbol ce ta birnin New York, wato Yankees, wadda ta ɗauki kofin World Series sau 27. Cikin waɗanda suka sa wannan hula don neman abinci, ba don ado ba, akwai wani ɗan masunci daga ƙasar Panama mai suna Mariano Rivera, wanda ya yi shekara 17 aikinsa ɗaya: a kira shi a ƙarshen wasa ya hana a ƙwace nasara.

Besbol turmi tara ne, kamar yadda ake ƙirga turmi a dambe. Mai jifa yana tsayawa kan ɗan tudu, tsakaninsa da mai sanda mita 18 da 'yan kai, ya wurga ƙwallo mai tauri wadda ba ta wuce cikin tafin hannu ba. Mai sanda na so ya make ta ta yi nisa, ya ruga ya zagaye kusurwa huɗu ya ci maki. Mai jifa kuwa so yake ya fitar da mutum uku kafin hakan ta faru. Wanda ya fara jifa yakan gaji idan ya yi kamar ɗari, sai a kira ɗan karɓa daga wani shinge a bayan fili inda suke ɗumama hannu.

A da, zama ɗan karɓa ba abin tinƙaho ba ne. Can ake tura wanda hannunsa ya tsufa, ko wanda bai isa a ba shi farkon wasa ba. Wani ɗan jaridar Chicago, Jerome Holtzman, shi ya ga ana cin haƙƙinsu, ya ƙirƙiro lissafin nasarorin da ɗan karɓa ya tsare, hukumar wasan kuma ta amince da lissafin a 1969. Daga 1988 kocin Oakland, Tony La Russa, ya riƙa ajiye Dennis Eckersley sai turmi na tara, sauran ƙungiyoyi suka kwaikwaya. Haka aka samu sana'ar mai rufe wasa.

A shekarar da aka amince da wancan lissafi aka haifi Rivera, ranar 29 ga Nuwamba 1969. Ya tashi a Puerto Caimito, ƙauyen masunta, mahaifinsa shugaban jirgin kamun kifi ne. Yaran garin kan naɗe tsohuwar koma da salatif su yi ƙwallo, su yanka kwalin madara su yi safar hannu, su yi wasa a bakin teku idan ruwa ya janye. Shi kuwa ƙwallon ƙafa ya fi so, har ciwon idon sawu ya raba shi da ita. Da ya bar sakandare ya bi mahaifinsa teku, kwana shida a mako. A wannan jirgi igiya ta kuɓuce ta ji wa kawunsa raunin da ya zama ajalinsa. Rivera ya so ya bar su ya koyi kanikanci.

A ƙungiyar yankinsu ba ma mai jifa ba ne. Wata rana mai jifansu ya rikice, aka miƙa masa ƙwallo don rashin wani. Abokan wasansa suka kai labari, wakilin Yankees Herb Raybourn ya zo ya duba shi. Siriri ne, jifansa bai wuce gudun kilomita 140 a awa ba, amma hannunsa na tafiya sumul ba wahala. A watan Fabrairun 1990 ya sa hannu kan dala 2,500, ya tafi Amurka ba ya jin Turanci ko kaɗan.

Shekarun farko ba su nuna komai ba. A 1992 aka yi masa tiyata a gwiwar hannu, kuma da sabbin ƙungiyoyin Florida da Colorado suka zo zaɓen 'yan wasa a ƙarshen shekarar, Yankees ba ta ɓoye shi ba, su ma ba su ɗauka ba. Ranar 23 ga Mayu 1995 ya fara wasa a babban rukuni, a matsayin mai fara jifa, California Angels ta lallasa su 10 da nema. Aka mayar da shi ƙaramar ƙungiyarsu ta Columbus, har ana maganar musanya shi da David Wells na Detroit. Ana cikin haka rahoto ya zo wa manaja Gene Michael cewa jifan yaron ya haura kilomita 150 a awa. Ya sa aka sake tabbatarwa, sannan ya fasa cinikin.

A 1996 koci Joe Torre ya mayar da shi ɗan karɓa, yana riƙe turmi na bakwai da na takwas kafin John Wetteland ya rufe. Ya fitar da mutum 130 ba tare da sun iya buga ƙwallon cikin fili ba, Yankees ta ci kofi. Wetteland ya koma Texas, aka danƙa wa Rivera ƙofar.

A 1997 ne abin da ya sa ake tuna shi ya faru. Suna jefe-jefen motsa hannu da abokinsa Ramiro Mendoza, sai Mendoza ya fara mita, wai ƙwallon na karkacewa daf da isowa, ba ya iya cafewa. Rivera bai canza komai da gangan ba. Kocin masu jifa, Mel Stottlemyre, ya yi ta ƙoƙarin miƙe jifan, abu ya ƙi, suka haƙura. Rivera, mutum mai riƙo da addininsa na Kirista, bai taɓa kiran abin da wani suna ba sai baiwar Allah. Ƙwallon na tahowa a miƙe, mai sanda ya yanke shawara ya kai duka, sai a taku na ƙarshe ta goce. Idan bahago ne, ta faɗo masa kusa da hannu, inda sandar ta fi siranta, sai ka ji ƙas, itace ya tsage. A wasan ƙarshe na 1999 ya karya wa Ryan Klesko na Atlanta sanda uku a tsayuwa ɗaya. Manyan masu jifa na da salo uku ko huɗu don ruɗa abokin karawa. Shi kusan ɗaya ne, kowa ya san shi zai zo, sanin bai amfani kowa ba.

Ya faɗi, kuma a bainar jama'a. A 1997 Sandy Alomar na Cleveland ya fitar masa da ƙwallo waje a lokacin da Yankees ke daf da wucewa. A 2004 Boston ta ƙwace wasa a hannunsa, daga nan ta juyo ta ci huɗu a jere. Mafi ciwo shi ne daren 4 ga Nuwamba 2001, wasa na bakwai kuma na ƙarshe da Arizona, makonni kaɗan bayan harin 11 ga Satumba, New York na ƙishirwar abin farin ciki. Suna gaba 2 da 1 a turmi na tara. Shi da kansa ya yi kuskuren jifa zuwa kusurwa ta biyu, sannan Luis Gonzalez na Arizona ya ɗan taɓa ƙwallo ta tsallake kan Derek Jeter na Yankees, kofi ya tafi. Da sun ci, da an yi bikin zagaya gari, kuma abokin wasansa Enrique Wilson zai jira bikin ya hau jirgin American Airlines mai lamba 587 zuwa Santo Domingo. Da aka sha kaye ya tafi gida da wuri. Jirgin ya faɗi a unguwar Queens ranar 12 ga Nuwamba, duk mutum 260 da ke ciki suka mutu. Wani hani ga Allah baiwa ne. Rivera ya gaya wa Wilson gara da suka rasa kofin.

Akwai masu cewa an zuzuta masu rufe wasa, kuma ba su rasa hujja ba. A kaka 19 Rivera ya yi turmi ƙasa da 1,300, alhali mai fara jifa nagari a zamaninsa yakan yi 200 a shekara guda. Sai dai ni ina ganin amsar tana wasannin neman kofi, inda ba a karawa sai da gwanaye. A can ya yi turmi 141, maki 11 kacal aka ci ta laifinsa, ya tsare nasara 42. Torre ba ya jiran turmi na tara a irin waɗannan ranaku. A wasa na bakwai da Boston a 2003 turmi uku ya yi a jere ba a ci shi ba, har abokin wasansa Aaron Boone ya raba gardama a na 11.

A Satumban 2011 ya wuce nasarori 601 na Trevor Hoffman, wanda ya fi kowa yawa a lokacin. A Mayun 2012, yana da shekara 42, jijiyar gwiwarsa ta tsinke a Kansas City yana bin ƙwallo lokacin atisaye. Kowa ya ce shi ke nan. Ya dawo a 2013 ya tsare 44, jimilla 652, da kofi biyar: 1996, 1998, 1999, 2000 da 2009. Ƙungiyar Minnesota ta yi masa kyautar bankwana da kujera da aka harhaɗa da karyayyun sanduna. Shi ne kuma na ƙarshe da ya sa lamba 42, wadda aka jingine a 1997 don girmama Jackie Robinson, baƙar fatar da ya keta shingen wariya a 1947. Ranar 26 ga Satumba 2013, maimakon koci, tsofaffin abokansa Jeter da Andy Pettitte aka tura su karɓi ƙwallo a hannunsa, ya kifa kai a kafaɗar Pettitte ya yi ta kuka.

A Janairun 2019 marubuta wasanni 425 suka kaɗa ƙuri'ar shigar da shi zauren gwarzaye da ke Cooperstown, duka 425 suka sa sunansa. Ba a taɓa yin haka ba. Babe Ruth kansa, gwarzon wasan, mutum 11 suka tsallake shi a 1936, Jeter kuma da nasa ya zo a 2020 ƙuri'a ɗaya ta kuɓuce masa.