Laburaren Malta da takardar da ta haura shekara 900

1/ Jama'a, yau Malta za mu leƙa, ƙaramar ƙasar tsibiri tsakanin Sisili da Libiya. Duka faɗinta murabba'in kilomita 316 ne, amma laburaren ƙasa da ke Valletta na riƙe da takardun da suka girmi birnin kansa. Ku biyo ni. 🧵

2/ Abin ya faro ne daga doka. A 1555 Claude de la Sengle, shugaban mayaƙan Kirista na ƙungiyar St John masu mulkin tsibirin, ya ce duk jarumin da ya mutu littattafansa su koma baitulmalin ƙungiyar. Gadon mamata ne ya zama laburare.

3/ Ginin da za ka shiga yau, Stefano Ittar ne ya zana shi, aka gama a 1796. Shekara biyu bayan nan Napoleon ya kori mayaƙan. Sai a 1812, ƙarƙashin Turawan Ingila, aka buɗe shi. Gunkin Sarauniya Victoria na nan a ƙofar har yanzu.

4/ Me ke ciki? Akwai takardar Fafaroma Paschal na biyu ta 1113, wadda ta amince da kafuwar ƙungiyar. Akwai ta 1530 da Sarki Charles na biyar ya ba su Malta da ita. Kuɗin haya? Shaho ɗaya duk shekara. Wallahi ba wasa nake ba. 😅

5/ Amma fa akwai ɗaci. Mayaƙan nan sun kama Musulmi da yawa a teku, Turkawa da 'yan Arewacin Afirka, suka mai da su bayi masu tuƙa jiragen yaƙi. A 1749 bayin sun shirya tawaye, asiri ya tonu, aka kashe jagororin.

6/ Yawancin abin da muka sani game da su, daga alƙalamin iyayen gijinsu ya fito. Idan za ka karanta irin waɗannan takardu, ka fara da tambayar wa ya rubuta, kuma don wa.

7/ Ƙarin abin mamaki: harshen Malta daga Larabci ya samo asali. Kiristoci ne, amma "Alla" suke cewa, azuminsu kuma "Randan", daga Ramadan. Bahaushe zai tsinci kalmomi ba tare da tafinta ba.

8/ Duk wanda Allah ya kai shi Valletta, kar ya tsaya ɗaukar hoto a bakin teku kawai. Ya hau benen nan ya ga takardun da idonsa. Wace ƙasa za mu leƙa gaba? Ku faɗa a ƙasa. 👇