Damfarar mayar da kaya a kasuwannin intanet

Damfarar mayar da kaya ita ce duk wata dabara da mai saye ke yi don a mayar masa da kuɗinsa ba bisa gaskiya ba, ta hanyar fakewa da ƙa'idojin da aka kafa domin kare masu saye. Matsalar ta daɗe a manyan shaguna, amma ta fi ƙamari a kasuwannin intanet irin su eBay, Amazon, Etsy da Taobao, inda mai saye da mai sayarwa ba sa ganin juna, kamfanin da ke yanke hukunci a tsakaninsu kuma sau da yawa bai taɓa riƙe kayan ba. Saboda haka rikicin yakan tsaya ne a kan wanda ke da shaidar da kamfanin zai amince da ita, kuma nauyin kawo ta ya fi faɗawa kan mai sayarwa.

Asali

Kasuwannin intanet na farko sun fuskanci matsalar amana, domin mai saye yana tura kuɗi ga wanda bai sani ba kafin ya ga kaya. Kamfanin eBay, wanda Pierre Omidyar ya kafa a Amurka a 1995, ya ɓullo da tsarin sharhi da maki a 1996, inda kowane ɓangare ke bayyana yadda cinikin ya kasance. Amazon ya buɗe shafinsa ga 'yan kasuwa masu zaman kansu a 2000, yana kuma da lamunin da ake kira A-to-z Guarantee, wanda ke mayar wa mai saye kuɗinsa idan kaya ba su iso ba ko sun saɓa da bayanin da aka yi. A Sin, an gina Alipay a kan ajiyar amana, wato riƙe kuɗin mai saye har sai ya tabbatar da karɓar kaya daga ɗan kasuwar Taobao.

Waɗannan matakai sun sa jama'a sun saki jiki da sayayya ta intanet, amma sun karkata ma'auni zuwa ga mai saye. A watan Mayun 2008 eBay ya hana masu sayarwa ba masu saye mummunan maki, bisa hujjar cewa tsoron ramuwa yana hana masu saye faɗin gaskiya. Tun daga lokacin, ɗan kasuwa ba ya iya gane mai sayen da ya saba cuta ta hanyar duba makinsa kawai.

Ire-iren damfarar

Mafi sauƙi ita ce iƙirarin cewa kaya ba su iso ba alhali an karɓa. Idan ɗan kasuwa ba shi da lambar bin diddigin kaya da ke nuna an kai su adireshin da aka bayar, yawanci shi ke yin asara.

Akwai kuma ƙaryar cewa kaya sun saɓa da bayani. Wanda ya sauya ra'ayi kawai yakan zaɓi wannan dalili ne saboda a kasuwanni irin su eBay yana tilasta wa mai sayarwa karɓar kayan da biyan kuɗin dawo da su, ko da ya rubuta cewa ba ya karɓar kayan da aka saya.

Musanya na daga cikin waɗanda suka fi jawo asara. Mai saye ya karɓi sabuwar waya ko agogo na asali, ya mayar da tsohuwar wayarsa da ta lalace ko agogon jabu. Wani yakan kwance kwamfuta ya cire kayan cikinta masu tsada kafin ya mayar. Wani kuma kwali zai aiko babu komai a ciki, ko ya cusa wani abu mai nauyi. Akwai masu sauya takardar adireshi ta yadda kunshin zai sauka a wani gida na unguwa ɗaya da mai sayarwa, bayanan kamfanin aika kaya su nuna an kai, alhali bai karɓi komai ba.

A harkar tufafi, abin da aka fi sani shi ne a sayi riga a sa ta zuwa biki ko a ɗauki hoto da ita, sannan a mayar a matsayin sabuwa. Sai kuma barazana, inda mai saye ke neman ragi bayan ciniki ya faɗa, yana cewa zai rubuta mummunan sharhi idan aka hana shi.

Nau'i na ƙarshe shi ne ƙwato kuɗi ta banki. Mai saye ya tsallake kasuwar, ya shaida wa bankin da ya ba shi kati cewa bai san da cinikin ba ko bai karɓi kaya ba. Banki yakan janye kuɗin daga ɓangaren ɗan kasuwa kafin a gama bincike, galibi kuma akwai wani caji da ake ɗora masa.

Yadda ake sasanta rikici

Tsarin eBay misali ne na yadda yawancin kasuwanni ke aiki. Mai saye yana da kwana 30 daga ranar da kaya suka iso ya shigar da ƙorafi. Mai sayarwa yana da ranakun aiki 3 ya amsa, ko dai ya karɓi kayan, ko ya mayar da kuɗi, ko su daidaita. Idan ba su daidaita ba, ana iya neman kamfanin ya shiga tsakani, kuma wanda hukunci bai yi wa daɗi ba yana da kwana 30 ya ɗaukaka ƙara. Kamfanin yana dogara ne da abin da ke rubuce, wato bayanan aika kaya, hotuna da saƙonnin da aka yi musaya a cikin shafin.

Ƙarewar wannan wa'adi ba ta nufin an rufe magana. PayPal yana ba mai saye kwana 180 ya shigar da ƙorafin rashin karɓar kaya, kamfanonin kati irin su Visa kuma yawanci suna ba da kwana 120. Ɗan kasuwa na iya yin nasara a wajen kasuwar, bayan watanni ya tarar an sake tayar da maganar ta banki, inda hukuncin bankin ke gaba da na kasuwar.

Wasu kamfanoni sun ƙara hanyoyin rage wa masu sayarwa asara. Amazon yana da tsarin SAFE-T, wanda ɗan kasuwa ke neman diyya ta cikinsa idan yana ganin an mayar da kuɗi ba da laifinsa ba. eBay yana barin wasu rukunin masu sayarwa su cire har kashi 50 cikin 100 na kuɗin idan kayan sun dawo a lalace. A 2022 Etsy ya fara biyan masu saye daga aljihunsa a kan cinikin da bai wuce dala 250 ba kuma ya cika sharuɗɗa, ba tare da taɓa kuɗin mai sayarwa ba.

Matsayin doka

A Tarayyar Turai, dokar haƙƙin masu saye ta 2011, wadda ta fara aiki a 2014, ta ba wanda ya sayi kaya daga nesa damar fasa ciniki cikin kwana 14 ba tare da ba da dalili ba. Dokar ta kuma ba ɗan kasuwa damar riƙe kuɗi har sai ya karɓi kayan ko shaidar aiko su, tare da ɗora wa mai saye alhakin raguwar darajar kayan idan ya yi amfani da su fiye da abin da dubawa ke buƙata. Wannan haƙƙi ya shafi sayayya daga 'yan kasuwa ne, ban da mutumin da ya sayar da kayan gidansa. A Birtaniya, dokar 2015 ta ba da kwana 30 na mayar da kaya masu aibi. A Sin, dokar kare masu saye da aka yi wa gyara ta ba da kwana 7 na mayar da kayan intanet ba tare da dalili ba tun watan Maris na 2014.

Amurka ba ta da dokar tarayya da ta wajabta karɓar kaya marasa aibi, amma dokar da aka zartar a 1974 kan kurakuran lissafin katin bashi ita ce tushen haƙƙin ƙalubalantar ciniki ta banki. Yin ƙarya don a karɓi kuɗi laifin zamba ne a waɗannan ƙasashe, sai dai ƙananan 'yan kasuwa ba su cika zuwa kotu ba, domin kuɗin shari'a yakan zarce darajar kayan.

Girman matsalar

Rahoton 2023 na ƙungiyar 'yan kasuwar Amurka ta NRF da kamfanin Appriss Retail ya ƙiyasta cewa an mayar da kayan dala biliyan 743 a ƙasar cikin shekarar, kuma kimanin dala biliyan 101 daga ciki na damfara ne ko cin zarafin ƙa'ida. A cinikin intanet an mayar da kashi 17.6 cikin 100 na abin da aka sayar. Alƙaluman sun dogara ne da ƙiyasin 'yan kasuwar da kansu.

Harkar ta kuma zama sana'ar ƙungiyoyi. A watan Disamban 2023 Amazon ya kai ƙarar wata ƙungiya mai suna REKK a kotun tarayya da ke jihar Washinton, yana zarginta da tallata hidimar karɓo wa mutane kuɗi ta Telegram a kan wani kaso, tare da ba wasu ma'aikatan kamfanin cin hanci don su rubuta cewa an mayar da kayan da ba a mayar ba.

Matakan kariya

Tun da hukunci na bin shaida, gogaggun 'yan kasuwa suna tara ta kafin aika kaya. Suna ɗaukar hotuna ta kowane ɓangare, su bayyana duk wani aibi a fili, su rubuta lambar jikin na'ura, su kuma adana takardar da ke nuna nauyin kunshi don kwatantawa da wanda aka dawo da shi. Ana aika kaya zuwa adireshin da ke cikin odar kaɗai, kuma a eBay na Amurka cinikin da ya kai dala 750 yana buƙatar sa hannun mai karɓa kafin ɗan kasuwa ya sami kariya. Duk wata magana da aka yi a wajen shafin kasuwar ba a cika karɓarta a matsayin hujja ba.

Kamfanoni ma sun ɗauki nasu matakan. A 2020 eBay ya fara tura agoguna da takalma masu tsada wurin ƙwararru su tantance kafin su isa ga mai saye, da kuma lokacin da aka dawo da su. A 2023 Visa ya ba 'yan kasuwa damar kare kansu da shaidar cinikayya biyu na baya da aka yi da kati ɗaya da na'ura ɗaya ba tare da ƙorafi ba.

A Najeriya

A Najeriya, inda Jumia da Konga suka fara aiki a 2012, tsarin biya bayan karɓar kaya ya sauya fasalin matsalar. Mai saye na iya ƙin karɓa a ƙofar gida ko ya kashe wayarsa, a bar ɗan kasuwa da kuɗin kai da kawowa. Masu sayarwa ta WhatsApp, Instagram da Facebook kuma sun fi fama da alat na bogi, kuma babu kamfanin da ke shiga tsakani a cinikinsu. Hukumar FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa, ita ke kula da haƙƙin masu saye a ƙasar.

Muhawara

Kamfanoni suna kare fifita mai saye da cewa sauƙin mayar da kaya ne ke jawo ciniki, kuma mafi yawan masu mayarwa gaskiya suke faɗa. Ƙananan 'yan kasuwa kuwa suna cewa su ke biyan kuɗin wannan amana, domin asarar waya ɗaya na iya cinye ribar mako. A Sin, tsarin mayar da kuɗi ba tare da dawo da kaya ba, wanda Pinduoduo ya yaɗa kuma Taobao da JD suka bi a ƙarshen 2023, ya jawo ƙorafi mai yawa daga masu sayarwa, har manyan kasuwannin suka sanar da janye shi a 2025. A ɗaya ɓangaren, masu kare haƙƙin masu saye suna gargaɗin cewa tsananta ƙa'ida, kamar cajin kuɗin mayarwa ko rufe asusun masu yawan mayar da kaya, yakan shafi mutanen da aka sayar wa kaya marasa kyau da gaske.