Amsoshin Wasiƙunku: Cinikin Marubuci Da Kamfanin Ɗab'i, Jiya Da Yau

Wani malamin makaranta daga Gummi ya aiko mana da wasiƙa, ya ce ya rubuta littafi, wani kamfani ya taya da kuɗi hannu, yana tambaya ko ya sallama. To Malam, kai da masu saurarenmu na Anka da Bukkuyum, bari mu waiwayi tarihi tukuna.

A 1933 Baturen nan Dokta Rupert East na Hukumar Talifi ta Zariya ya shirya gasar ƙaga labarai da Hausa. Daga nan aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. A wancan zamani hukuma ce mai bugawa, ita ce kuma mai rabawa makarantu, marubuci ba shi da wata ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Ko Magana Jari Ce ma, aron Abubakar Imam aka yi daga makarantar Midil ta Katsina a 1936, ya zauna a Zariya ya rubuta.

Daga baya aka kafa kamfanin Gaskiya a 1945, sannan NNPC a Zariya a 1966, da haɗin gwiwar Macmillan na Ingila. Kamfani ya ɗauki nauyin bugu da sayarwa, marubuci ya riƙa samun kasonsa. Sai dai kamfanoni sun fi son littattafan makaranta, don su ne ke da kasuwa. Shi ya sa a shekarun 1980 matasan Kano suka gaji da jira, suka shiga biyan maɗaba'a da aljihunsu, su kai wa 'yan kasuwa da kansu. Ta wannan hanya littattafai irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino suka zagaye Arewa. Riba tasu, faɗuwa ma tasu.

To Malam, kai ɗan manoma ne, ka san bambancin sayar da gona da ba da ita haya. In ka sayar da haƙƙin mallaka, ko littafin ya shiga jarrabawa an buga dubbai, ba ka da ko kwabo. In haya ka bayar, gonar tana nan taka, kana karɓar kaso a kan kowane kwafi. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka yi a 1988 aka sake ta a 2022, ta ce sallamar haƙƙi ba ta inganta sai a rubuce, kuma haƙƙin yana nan har shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Ka ga ashe gadon 'ya'yanka ne ake tayawa.

Saboda haka kafin ka sa hannu, a rubuta waɗannan a takarda: shekara nawa kamfani zai riƙe littafin, kwafi nawa za a buga, kaso nawa ne naka cikin ɗari, da lokacin biya. A kuma rubuta cewa in sun daina bugawa, haƙƙinka ya dawo hannunka. Ka nemi lauya ko wanda ya taɓa irin wannan ciniki ya duba maka, a sa shaidu, ka riƙe kwafinka. Kada kunya ta hana ka tambaya, ciniki ne kamar na hatsi a kasuwar Gummi.

Allah ya sa albarka, ya ba mu sa'a. Sai wani makon.