Majigi da Ƙasar da Ya Nuna wa Talaka

Tun ranar 1 ga Oktoba 1982 ake nuna wani fim mai suna Impressions de France a wurin shaƙatawa na Epcot da ke Fulorida, Amurka. Minti 18 ne tsawonsa, a kan allo biyar da aka jera gefe da gefe, kuma babu jarumi ko labari a cikinsa, sai duwatsu da gonakin inabi da kasuwannin ƙauye da birnin Faris. Mai kallo yana zaune zai zaga Faransa. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, domin shekaru da dama kafin a gina Epcot mun santa da sunan majigi. An kafa majigi don ya koyar da tsabta da biyayya ga hukuma, amma a ganina abin da ya raya shi, ya sa gari ke fitowa ƙwai da ƙwarƙwata, shi ne nuna wa talaka ƙasar da ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba.

Asalinsa daga Legas ne. A ƙarshen shekarun 1920, lokacin da annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta addabi birnin, wani jami'in lafiya Bature mai suna William Sellers ya fara amfani da fim don jan kunnen jama'a, daga baya aka ɗora na'urar a mota ana kaiwa gari-gari. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, Ingila ta kafa sashen fina-finai na ƙasashen da take mulka, wato Colonial Film Unit, ta ba Sellers ragamarsa. Shi kuwa ya shimfiɗa ƙa'idojin da raini ke ƙarƙashinsu: a ɗauki hoto a hankali, kada kyamara ta yi yawo, kada a tara abubuwa a allo, wai idon Baƙar Fata bai saba ba. A 1949 Najeriya ta samu nata sashen, kuma bayan da tsarin mulkin 1954 ya ƙarfafa jihohi uku, gwamnatin Jihar Arewa a Kaduna ta riƙe nata motocin da nata ma'aikatan.

Ba kowane gari motar ke iya kaiwa ba, sai inda hanya ta biyo. Shi ya sa garuruwa irin Tsafe da Gusau da Bunguɗu, waɗanda ke jere a kan hanyar Funtuwa zuwa Sakkwato, suka fi ƙauyukan cikin daji rabo. Gusau ma tana da wani dalilin na daban: jirgin ƙasa ya iso ta, ta zama matattarar auduga da gyaɗa, kuma manomin auduga shi ne mutumin da hukuma ta fi son ta yi wa magana. Tsarin daren kusan ɗaya ne ko'ina. A kafa farin allo a ƙofar fada ko ƙofar gidan hakimi, a tayar da janareta bayan duhu ya yi, mai sharhi ya kama lasifika yana bayani da Hausa. Ba a biyan ko anini. Wannan ne ya raba majigi da gidan silima irin Rex da aka buɗe a Kano a 1937, wanda malamai ke ƙyama, iyaye ke hana 'ya'yansu. Abin da aka kafa a ƙofar sarki, da izinin sarki, dattijo ba ya jin nauyin tsayawa ya kalla, yaro ma ba ya shan duka don ya je.

A zamanin Sardauna Ahmadu Bello ne majigi ya kai ƙarfinsa, kuma a nan ne hujjata ta fi fitowa. Bayan darasin haƙa masai da zuba takin zamani, sai a sa labarai: hawan daba da aka yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956, bikin samun mulkin kai na Arewa a 1959, Firimiya yana buɗe makaranta a wannan lardi, yana sauka daga jirgin sama a waccan ƙasa. Manomin Bunguɗu wanda iyakar tafiyarsa kasuwar Gusau ce ya ga dawakin Barno, ya ga gadar Kaduna. Gaskiya Ta Fi Kwabo na kawo waɗannan labarai tun 1939, amma sai ga mai karatu ko wanda aka karanta wa. Rediyo kuwa na kunne ne. Kalmar Arewa, a matsayin ƙasa ɗaya mai shugaba ɗaya, da ido mutane da yawa suka fara gaskata ta, a jikin farin ƙyalle.

Za a ce wannan farfaganda ce kawai, kuma mai faɗin haka bai yi ƙarya ba. Motar gwamnati ce, gwamnatin kuwa ta jam'iyyar NPC ce, ba a sa ran ganin taron jam'iyyar adawa ta NEPU ko kukan mai biyan haraji a allon da aka kafa a ƙofar hakimi. Sai dai zaɓen abin nunawa ba laifin majigi kaɗai ba ne, halin irin wannan fim ne duk inda yake; na Epcot ma ba ya nuna unguwannin matalautan Faris. Kuma niyyar mai nunawa ba ta ɗaure idon mai kallo. Wanda aka nuna wa asibitin wani gari don ya yaba wa gwamnati yana iya komawa gida yana tambayar ina na garinsu.

Akwai kuma mai cewa da majigi na da wannan daraja da bai mutu ba. Amsar tana cikin yadda aka gina shi. Fim ɗin Epcot yana zaune wuri ɗaya, mai kallo ne ke biyan kuɗin shiga ya zo ya same shi, shi ya sa ya haura shekara arba'in. Majigi kuwa shi ke bin mutane, da man gwamnati da direban gwamnati. Da aka rusa Jihar Arewa a 1967, aikin ya rarrabu tsakanin sababbin jihohi, hankalin masu mulki kuma ya koma kan talabijin, wanda Kaduna ta fara tun 1962. Kaset ɗin bidiyo ya ƙarasa sauran. Zamfara, jihar su Tsafe da Gusau da Bunguɗu, da aka ƙirƙira a 1996, ta zo ne bayan kasuwar ta watse, kuma da ta fara aiki da shari'a a 2000 gidajen siliman da suka rage ma aka rufe su. Yau hoton Dutsen Kwatarkwashi ko kufan 'Yandoto ya dogara ne ga duk mai waya da ya ratsa ta wurin, yayin da yawancin abin da sauran Najeriya ke gani na Tsafe da Bunguɗu rahoton harin 'yan bindiga ne.