Jiziya a daular Mughal: Akbar ya soke ta, Aurangzeb ya maido ta

Jiziya haraji ne da wanda ba Musulmi ba yake biya wa hukumar Musulunci, ita kuma ta tsare rayukansu da dukiyarsu, ta kuma ɗauke musu zuwa yaƙi. Ana karɓarta daga namiji baligi mai hankali, mai abin hannu. Mata, yara, bayi, makafi da guragu ba sa biya.

A Indiya lamarin ya zo da wuya, domin mafi yawan talakawan daular Mughal mabiya addinin Hindu ne. Sarki Akbar ya soke jiziya a 1564, shekara guda bayan ya soke harajin da ake karɓa daga masu ziyarar wuraren ibadarsu. Yana buƙatar sarakunan Rajput a cikin rundunarsa, ya kuma san ba za su yi masa biyayya da zuciya ɗaya ba muddin ana ware jama'arsu da haraji.

Tattaɓa-kunnensa Aurangzeb ya maido da ita a watan Afrilu na 1679, bisa ƙa'idar mazhabar Hanafiyya. Mai dukiyar dirhami 10,000 zuwa sama zai biya 48 a shekara, matsakaici 24, talaka mai sana'a 12. A takarda tsarin ya yi kama da adalci, amma nauyin ya fi faɗa wa talaka: dirhami 12 sun kai kusan ladan wata guda na leburan birni, alhali 48 ba su taɓa attajiri ko kaɗan. Ma'aikatan gwamnati kuwa an yafe musu. Masanin tarihi Khafi Khan ya rubuta cewa 'yan Hindu sun tare hanyar sarki zuwa masallacin Juma'a na Delhi suna roƙon a sassauta, har aka sa giwaye suka ratsa taron.

Bayan rasuwar Aurangzeb a 1707 an soke ta, an maido ta, sannan aka daina karɓarta gaba ɗaya wajen 1720, a zamanin Muhammad Shah.

Daular Usmaniyya ta Turkiyya ma ta kasa masu biya gida uku a gyaran da ta yi a 1691, ta kuma soke jiziya a 1856. A ƙasar Hausa, masarautar Kano ta karɓi jiziya daga Maguzawa a zamanin Daular Sakkwato.