Haɗa man shafawa a gida tare da yara

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu takan kaɗo daga Sahara, busasshiya, ɗauke da ƙura. Tana tsotse laimar fata. Shi ya sa kuke ganin jikin yara ya yi fari fat, leɓɓansu sun tsage, dunduniyarsu ta yi faso. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Fata ita ce katangar jiki. In ta tsage, ƙwayoyin cuta sun samu ƙofa, ƙaramin faso sai ya zama miki.

Kuna iya haɗa man da zai kare fatar iyalinku a cikin gida, da kayan da kuka sani, yaranku kuma suna taya ku. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya sa hannu aka haɗa mai, ba a sha fama da shi wajen shafawa.

Kayan da ake bukata

Na farko shi ne man kaɗe. Daga ƙwallon kaɗanya ake fitar da shi. A ƙasar Nijar an fi samun itacen kaɗanya a kudu, musamman yankin Gaya cikin jihar Dosso. Icce ne mai jinkiri, yakan yi shekara 15 zuwa 20 kafin ya fara ƴaƴa, don haka bai kamata a sare shi ba. Man kaɗe yana da tauri cikin kwano, amma ɗumin jiki ya isa ya narkar da shi. Ku zaɓi mai tsabta, marar yashi, marar warin daɗewa.

Na biyu shi ne mai na ruwa, kamar man riɗi, ko man aduwa, ko man gyaɗa. Aikinsa shi ne sassauta man kaɗe don ya yi sauƙin shafawa.

Na uku shi ne kakin zuma. Ana samunsa wajen masu ɗaura amya. Ba ya narkewa sai zafi ya kai kamar digiri 63, shi ya sa yake hana mai tsiyaya ko da rana ta yi zafi.

Ku tanadi kuma tukunya, da kwanon ƙarfe da zai zauna a bakinta, da cokali, da ƙyalle mai tsabta na tata, da ƙananan kwalabe ko gwangwanaye masu murfi.

Awo

Ku ɗauki ma'auni guda, misali ɗan kofin shayi, ku yi amfani da shi daga farko har ƙarshe:

Man kaɗe: awo 4
Mai na ruwa: awo 2
Kakin zuma kankararre: awo 1

In mai ya yi tauri ƙwarai, ku sake narkar da shi ku ƙara mai na ruwa. In ya yi ruwa-ruwa, ku ƙara ɗan kaki.

Aikin yaro da aikin babba

Kafin a hura wuta, ku raba aiki, kowa ya san nasa.

Yaro mai shekara 3 zuwa 5 ya wanke hannu da sabulu, ya zauna kan tabarma, ya riƙa ƙirga awo da baki: ɗaya, biyu, uku, huɗu.

Mai shekara 6 zuwa 9 ya wanke kwalabe, ya shanya su a rana, ya auna mai cikin kwano tun yana da sanyi.

Mai shekara 10 zuwa sama ya motsa mai bayan ya huce, ya kuma rubuta takardar da za a manna a jikin kwalba.

Wuta, da wuƙa, da mai mai zafi, aikin babba ne shi kaɗai. Ku ja layi a ƙasa, taku 3 daga murhu, ku gaya wa yara ba mai ƙetare shi. Kada uwa ta yi wannan aiki da goyo a baya ko jariri a cinya.

Yadda ake haɗawa

1. Ku tabbata kwalabe da cokali sun bushe sarai. Ɗigon ruwa cikin mai yana jawo hunhuna.

2. Ku zuba ruwa kaɗan cikin tukunya, ku aza bisa wuta marar ƙarfi. Ku ɗora kwanon ƙarfe a bakin tukunya. Tururi ne zai narkar da mai. In kuka aza mai kai tsaye kan wuta, yana iya ƙonewa ko ya kama da wuta.

3. Ku fara sa kaki, domin shi ya fi jinkirin narkewa. In ya narke, ku zuba mai na ruwa, sannan man kaɗe.

4. Da zarar komai ya narke ya haɗu, ku sauke. Ba a bari ya tafasa.

5. Ku tace da ƙyalle cikin wani busasshen kwano, ku ajiye a inuwa inda yara ba sa kaiwa.

6. In gefen kwano ya fara daskarewa, kuma kuna iya riƙe shi da hannu, ku kira yara su motsa da cokali ɗaya bayan ɗaya. Yawan motsawa yana sa mai ya yi laushi.

7. Ku zuba cikin kwalabe. Sai ya huce gaba ɗaya sannan a rufe.

8. Ku rubuta sunan mai, da abin da ke ciki, da ranar da aka haɗa. Misali: Man shafawa, kaɗe da riɗi da kaki, 5 ga Disamba. Ku da kuke koyon karatu, ga wurin gwada hannunku. Ku rubuta, yaro ya karanta, ko yaro ya rubuta, ku karanta.

Ku haɗa kaɗan, wanda zai ƙare cikin kamar wata 3. Ku ajiye shi nesa da rana. A riƙa ɗiba da busasshen hannu mai tsabta. In warinsa ko launinsa ya sauya, ku zubar.

Gwaji kafin shafawa

Ba kowace fata ce ke karɓar kowane mai ba. Ku shafa ɗan kaɗan a cikin damtsen yaro, ku jira kwana 2. In wurin ya yi ja, ko ƙuraje, ko ƙaiƙayi, ku wanke, kada ku sake shafa masa. Yaron da gyaɗa ko riɗi ba ya karɓarsa a ci, kada a sa masa mansu a jiki.

Lokacin shafawa mafi kyau shi ne bayan wanka nan take, tun jiki da sauran laima. Mai ba ya ba fata ruwa, yana tsare wanda ke cikinta ne kada iska ta kwashe. Da dare ku wanke ƙafafun yara, ku shafa mai a dunduniya, da safe su sa takalmi. Kada a yi musu wanka da garin sabulun wanki, domin yana kwashe maiƙon fata.

Abubuwan da za ku kiyaye

Kada ku zuba turare, ko kafur, ko man zafi, ko ruwan lemun tsami cikin man yara. Fatar yaro ta fi ta babba rauni. Ruwan lemun tsami kan fata yana iya sa ta ƙone in rana ta taɓa ta.

Kada ku gauraya man nan da mayukan sa fari da ake kira bilicin. Wasunsu suna ɗauke da sinadarin makyuri mai lahani ga ƙoda da ƙwaƙwalwa, wasu kuma da magunguna masu sirantar da fata. A shekarar 2023 ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Minamata suka yanke shawarar hana sarrafa kayan shafa masu makyuri, da shigo da su, da fitar da su, bayan shekarar 2025. Ku koya wa ƴaƴanku cewa kyan fata lafiyarta ce, kowane launi gare ta.

Kada ku sa mai, ko toka, ko wani abu na gida a cibiyar jariri sabon haihuwa. Ta nan cutar sandarewar jiki, wadda likitoci ke kira tetanos, take shiga. Ku bi abin da ma'aikatan lafiya suka ce.

Haɗa sabulu da soda ba aikin yara ba ne. Soda tana cin fata, tana makantarwa in ta shiga ido. Ku ɓoye ta nesa da su.

In tsautsayi ya faɗa wani ya ƙone, ku riƙa zuba ruwa mai sanyi mai tsabta a wurin har minti 20. Kada ku shafa mai, ko ƙwai, ko man goge baki. Ku rufe da ƙyalle mai tsabta. In ƙunar tana da faɗi, ko ta yi bororo, ko tana fuska, hannu ko al'aura, ku kai shi likita ba jinkiri.

Yaushe mai bai isa ba?

Wannan mai kariya ne, ba magani ba ne. Ba ya warkar da ƙazuwa ko makero. Ku garzaya gidan likita mafi kusa in kun ga miki mai fitar da mugunya, ko ƙaiƙayin dare da ya kama mutanen gida da yawa, ko ƙuraje tare da zazzaɓi, ko kumburin ƙafafu tare da saɓulewar fata, wanda kan zama alamar tamowa.

Kafin hunturu ya kankama, ku zaɓi rana guda da yara ba su da makaranta, ku tanadi kaya, ku shimfiɗa tabarma. Ku ba kowane yaro ƴar kwalbarsa da sunansa a jiki, ku kuma duba dunduniyarsa kowane dare.