Gawo

Gawo itace ne mai ƙaya da ake samu a gonakin ƙasar Hausa da sauran yankin Sahel. Abin mamaki game da shi, da damina yake kaɗe ganyensa, ya tofo sabo da rani. Saboda haka inuwarsa ba ta takura gero ko dawa. Ganyen da ya zube kan ruɓe ya zama taki, saiwoyinsa kuma suna ƙara wa ƙasa sinadarin naitirojin. Dabbobi kan taru ƙarƙashinsa da rani su ci 'ya'yansa, su bar kashi, shi ya sa hatsin gindin gawo ya fi kyau.

A jihohin Maraɗi da Damagaram na Nijar, tun shekarun 1980 manoma suke renon tohonsa maimakon sassabe shi.